Tudun Yanyawa a Gonar Haladu

Kukan ya taso ne daga tsakiyar gona, wata yana tsaye a sama. Ba haushin kare ba ne, ba kuma na mujiya ba. Siriri ne, a tsintsinke, kamar na jaririn da ya yi kuka har muryarsa ta dishe amma bai haƙura ba. Haladu na kwance a bukkar gadi, sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ya yi a'uziyya, ya ɗaga kai ya kasa kunne. Wani kukan ya amsa daga wajen iyaka, sannan ya ji ƙas-ƙas-ƙas, ana fasa kwanson gyaɗa.

Nan take tsoro ya fice, fushi ya zauna a gurbinsa. Ya suri sanda ya fita a guje, ko takalmi babu.

Gyaɗar da ya cire ya tara tsibi-tsibi don ta sha rana, ga ta nan an tone ƙarƙashinta, an watsa harawar ko'ina. A kan wani tsibi wata 'yar dabba ce zaune, da kaɗan ta fi kyanwa, jikinta launin rairayi, kunnuwa fato-fato kamar aro ta yi a wurin wata dabbar, ƙarshen wutsiyarta baƙi kamar ta tsoma shi a tawada. Ta dube shi, ko tauna ba ta daina ba. Ya wurga sanda. Sandar ta sauka daidai inda take, amma ita ba ta nan. Sai 'yan inuwoyi ya gani suna sulalewa zuwa tudun da ke tsakiyar gonar, ƙasa ta haɗiye su.

"Yanyawa!" in ji shi, yana haki. "Allah ya isa tsakanina da ku, 'yan banza, ɓarayin dare!"

A shekarun nan gyaɗa ta ɗauke hankalin kowa a ƙasar Gwarzo da Kabo. Manyan motoci na nishi a hanyar Kano da buhuna har sama, waɗanda suka je birni kuma suna dawowa da labarin an jibge buhuna sun zama duwatsu, wai har tsuntsu sai ya huta kafin ya kai ƙololuwa. Mutanen Durun, garin su Haladu, sun nome har bakin hanya, har gindin danga. Wanda ya bar taƙin ƙasa ba shuka, kallon marar lafiya ake yi masa.

Su Haladu kuwa asalinsu masu shanu ne. Gonar nan tasa tsohon mashekarinsu ce, inda garken mahaifinsa ya yi shekaru yana kwana kafin annoba ta share shi. Shanu suka tafi suka bar taki, shi ya sa gyaɗar Haladu ta fi ta kowa cika kwanso. Mahaifin ya rasu ya bar masa gonar, da mahaifiyarsa Inna Marka, da ƙoren nononta. Har yanzu tana wanke su, ta kife a rana, ta mayar ɗaki ta jera, alhali ko akuya mai nono babu a gidan. A cikinsu akwai babba guda mai zane a baki, wadda ta zo da ita gidan miji. Wannan ko matar Haladu, Raliya, ba ta isa ta taɓa ba.

Abin da ke cin ran Haladu bana ke nan. Ya ga wata farar karsana mai cikin fari a kasuwar Gwarzo, a hannun wani mutumin Lakwaya, mutumin kuma ya yi masa alkawarin zai riƙe ta har a buɗe sikelin gyaɗa, in ya wuce haka sai wani. Haladu bai gaya wa kowa ba. So yake wata safiya ya janyo ta har ƙofar ɗakin Inna, ya ce ta fito da ƙwaryar nan mai zane. In gyaɗar bana ta cika, karsana ta samu. In ta yi giɓi, shi ke nan.

Tudun kuwa tun yana yaro yake nan, sabara ta rufe shi, da wata tsohuwar aduwa da tsawa ta taɓa tsagawa. Mahaifinsa bai taɓa sa masa fartanya ba. Da Haladu ya tambaya, ya ce ya je ya tambayi innarsa. Inna ta ce, "A bar shi." Iyakar abin da aka taɓa gaya masa ke nan.

Da gari ya waye ya zagaya ya ga ɓarnar da kyau. Ɓeraye da gyare yanyawan ke bi a ƙarƙashin tsibi, in sun tone sai su haɗa da gyaɗar su ci, abin da suka watsar kuma gara ta riga ta hau kansa. Ya bi sawunsu, ƙanana kamar an danna da ɗan yatsa, har bakin tudun. Ya kutsa cikin sabarar, abin da bai taɓa yi ba. Ramuka ne ko ta ina, ga gashin zabi, ga kwanson gyaɗarsa fanko. A gindin aduwar kuma ya ga wani ɗan ƙoƙo a ajiye, da sauran gumba a ciki, an lashe gefe. Ƙoƙon yana da tsaga da aka ɗinke da zare baƙi. Ya san ɗinkin. A gabansa aka yi shi.

Ya iske Inna a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ko gaisuwar kirki bai ƙarasa ba.

"Inna, wannan ƙoƙon na waye?"

"Nawa ne. Ai ka gan shi."

"A bakin ramin yanyawa na tsince shi. Da gumba a ciki."

"Sadaka ce."

"Sadaka! Ga makafi a ƙofar masallaci, ga tsofaffi ba mai ba su, sai ɓarayin da ke cinye ni? Ni ina can sauro na shan jinina ina gadi, ke kina nan kina daka musu gumba?"

Raliya ta leƙo daga madafa. "Wallahi Maigida, zabina ma sun kusa ƙarewa. Jiya mai kwanci suka ɗauke, da ita da ƙwan."

"Kin ji ko? To, Inna, sadakar wa ce? Don wa kike yin ta?"

Inna ta murza mazari a cinya, ta sake shi yana juyi. Idonta na kan zaren.

"Da ke nake, Inna."

"Na ji ka, Haladu. A bar tudun nan."

Bai san lokacin da ya saki ƙoƙon a ƙasa ya take shi ba. Ƙarar fashewar ta sa kaji suka watse. Raliya ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi, Maigida!" Inna kuwa ta dubi ɓarin, ta dubi ƙafarsa, ta ci gaba da kaɗinta. Wannan shirun ya fi zagi ƙona masa rai. Ya fice.

Ya fara da dabarun da kowa ya sani. Ya sari ƙayar aduwa ya cusa a ramukan. Da safe ya tarar sun buɗe sababbi a gefe, tsaf, kamar magina ne suka yi aikin. Ya tara ƙaiƙayi da busasshen barkono a bakin rami ya cinna wuta. Iska ta juya, hayaƙin ya dawo kansa, ya wuni yana tari da hawaye, yanyawa kuwa da dare suka fito suka yi kukansu kamar ana biki. Ya ɗana tarkon waya, ya kama bushiya. Kullum tsibin gyaɗa na raguwa, kullum yana auna abin da ya rage da ido, yana ganin karsanar nan tana ja da baya.

Ranar da ya ji an fara gyara rumfar sikeli a Kabo, sai ya ɗauki dagi, ƙarfen nan na haƙa rami, ya nufi maƙera wajen Dabo. Dabo maƙwabcinsa ne a gida da gona, maƙeri ne, tsakanin maƙera da Fulani kuwa wasa ne tun kakanni.

"A'a, Bafillatanin da ba saniya!" in ji Dabo, yana danna zugazugi. "An ce ka yi wa yanyawa turare jiya, sun ce a gaishe ka, a ƙara barkono."

"Bawa, rufe bakinka ka wasa min wannan."

"Ubangidan da ya zo roƙo. Kawo. Amma in kai kaɗai za ka tone su, sai ka fito a Katsina. Ramin yanyawa gari ne guda, da unguwanni. Ka aika garin Kutama a kira Bashari maharbi, shi ya san kansu."

Suna cikin haka sai muryar Inna ta ƙetaro danga: "Haladu! Haladu! Furarka na nan."

Dabo ya ajiye guduma ya yi dariya. "Ni dai ban taɓa ganin ɗan fari irinka ba. Uwata da take Bahaushiya ma har ta mutu ba ta faɗi sunan yayana ba, sai dai ta ce wancan. Ku da kuka fi kowa alkunya, ga tsohuwa tana kwaɗa maka kira kamar ɗan auta. Anya ba tsintar ka aka yi a kasuwa ba?"

Gaskiya ne, a wajen mutanen Haladu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an zo zancensa sai ta kau da kai kamar ɗan wani ake nufi. In ya yi ciwo ba ta nuna damuwa, in ma ya mutu ba a ganin hawayenta. Haladu ya sha jin wannan tsokanar tun yana yaro, yakan ɗauka Inna ce dai ba ta damu da al'ada ba. Ranar nan kuwa ba ya cikin halin wasa.

"Ka wasa ƙarfe, Dabo. Kuma daren da za a yi, da kai za a yi. Gyaɗarka ma ba ta tsira ba."

Bashari ya iso da la'asar sakaliya, dogo, busasshe, da karnuka a igiya da bindigar gargajiya a kafaɗa, wadda Dabo ya ce harba-ka-ruga ce, in ta tashi ba a san wanda za ta ci ba. Ya zagaya tudun ba tare da ya taka shi ba, yana sunkuyawa yana shinshina bakin ramuka. Mutum ne mai labarai. Ya ce yanyawa tana jin motsin gara a cikin ƙasa, tana jin numfashin mai barci daga ƙetaren gona, saboda haka duk wanda zai bi shi sai ya naɗe ƙafafunsa da tsumma. Ya ce kuma ba ta shan ruwa, raɓa take lasa da kankanar daji. Ko gaskiya ne ko ƙari, babu wanda ya taɓa ganin yanyawa a bakin rijiya.

"Da rana ba a samun su," in ji shi. "Suna can ƙasa inda dagi ba ya kaiwa. Sai dare ya yi sun fita kiwo, mu lallaɓa mu toshe ƙofofin duka, mu bar guda. Ita ma mu cusa mata ƙaya daga ciki. Sannan a saki karnuka. Wadda kare ya kama, ya kama. Wadda ta faɗa ƙofar nan ba ta nisa, sai mu tone ta."

Bayan isha'i Haladu ya shiga gida ɗaukar dagi. Ya tarar da Inna tsaye a bakin zaure, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Bai taɓa lura ta tsufa haka ba, amma ransa a ɓace yake, bai bar abin ya shige shi ba.

"Haladu, kada ka sa ƙarfe a tudun nan."

"To faɗa min dalili. Guda ɗaya tak, in haƙura."

Ta ƙara riƙe ƙarfen.

"Iskoki ne? In iskoki ne na karɓo rubutu wajen malam. Alkawari ne Baba ya yi da wani? Faɗa min!"

"Ka kore su a fili. Ka kashe a fili in kashewar kake so. Ban hana ba. Ka bar ƙasar."

"In bar musu gida su dawo gobe? Inna, kin san abin da nake tara gyaɗar nan dominsa? Kin san don wa nake kwana a gona kamar kare?" Maganar karsana ta zo masa har baki, ya haɗiye ta don haushi. "Shekara da shekaru ana ce min a bar shi, a bar shi. Ni ba yaro ba ne. Gonar nan tawa ce, kuma yau sai na ga ƙarshen ramin nan."

Ya zare dagin daga hannunta. Bai fizga ba, amma bai kuma jira ta saki ba.

Suka kwanta a bayan tsibin gyaɗa su uku, ƙafafu naɗe da tsumma, Bashari ya danne bakin karnuka. Wata ya fito. Can sai kunnuwa suka ɓullo daga cikin sabara, kunnuwa kawai, suna juyawa gabas da yamma. Sannan jikin ya biyo. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka yi miƙa, ƙananan suka ɗan yi kokawa, babbar ta yi kukan nan na jariri, duk suka bazu cikin gonaki. Haladu ya ciji leɓe har ya ji gishirin jini.

Suka lallaɓa suka toshe ƙofofin da duwatsu da ƙaya, suka bar ta gindin aduwa. Bashari ya ɗaura tocila a goshi da rawani, ya kwance igiya, ya ce, "Duna, kama!"

Gona ta kaure. Karnuka na haushi, Dabo na ihu yana dukan tsohuwar garwa, hasken tocila na yawo yana tsinto idanu jajaye nan da can. Bindigar ta tashi sau ɗaya da ƙara kamar tsawa, hayaƙi ya turnuƙe, ba ta sami komai ba sai tsibin gyaɗar Haladu. Yanyawa suka rugo gida suka tarar da ƙofofi a rufe. Nan karnuka suka cim musu. Haladu yana tsakiya da sanda, yana duka yana zagi, duk abin da ya taru masa a ƙirji tun farkon kaka yana sauke shi. Wata ƙarama ta maƙale a cikin ƙaya tana kuka, ya ɗaga sanda ya gama da ita.

"Babbar ta shiga!" in ji Bashari. "Uwar ta faɗa ramin, da wasu a bayanta. Kawo dagi!"

Suka hau haƙa. Haladu na sara, Dabo na kwashe ƙasa da fartanya, Bashari na haskawa. Suka iske ƙayar da suka cusa, amma babu yanyawa. Ta tone ta gefe ta faɗa wani tsohon rami. Suka bi shi. Ramin ya miƙe kamar zai ratsa ƙarƙashin aduwar, sai kuma ya karkata hagu ba gaira ba dalili, ya yi gwiwa. Ƙasar wurin ba dutse, ba saiwa, laushi gare ta kamar gari, amma ramin ya ƙi ta, ya kewaye.

Bashari ya kwanta ya kara kunne a ƙasa. "Suna can ɗaya gefen, ina jin su suna tono. Ramin zagayawa ya yi. Mu bi shi a hankali."

"Kafin mu zagaya sun fice," in ji Haladu. "A yanke ta nan, kai tsaye."

"Malam Haladu, ni ramin nake bi. Dabbar nan ba ta karkata a banza."

"Na kira ka ka kashe min yanyawa ne, ko ka karanta min halinta? Matsa!"

Ya tsaya a tsakiyar gwiwar, ya ɗaga dagi da hannu biyu ya kafa. Ƙasa ta karɓa. Ya sake. Ya sake, gumi na zuba masa a ido. A sara na gaba ƙarfen ya ce ƙwas, ya nutse da sauƙi kamar ya faɗa fanko.

"Tukunya!" in ji Dabo, yana dariya yana haki. "Fulani sun binne man shanu sun manta. Rabona rabi, ni na wasa ƙarfen."

Ya durƙusa ya share ƙasar da hannu. Bashari ya sunkuyo da tocila. Dariyar Dabo ta tsaya.

Ba tukunya ɗaya ba ce. Ɓarin tukwane ne, an kife su a jere, wannan na hawa bakin wancan, an liƙe tsakaninsu da laka da ta bushe ta zama kamar dutse. Jerin ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a ƙasar nan ya san wannan jerin, haka ake rufe kabari kafin a tura ƙasa. Sai dai wannan gajere ne. Duk tsawonsa bai wuce daga kafaɗar mutum zuwa yatsunsa ba. Dagin Haladu ya fasa na tsakiya, ya bar baƙar kafa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Bashari. Ya juya da sauri ya cafke wuyan Duna da ya matso yana shinshina, ya ja karnukan baya ya ɗaure. Hasken tocilar ya gifta ta cikin kafar, ya taɓa wani abu ƙarami, fari-fari. Dabo ya miƙa hannu ya kashe tocilar a goshin maharbin.

A cikin shirun nan ƙasa ta motsa a ɗaya gefen. Uwar yanyawa ta ɓullo, ƙasa a kunnuwanta, wasu ƙanana a bayanta. Ta bi ta tsakanin ƙafafun Haladu ta wuce. Babu wanda ya ɗaga hannu.

Ba su ji zuwan Inna ba. Sai ganin ta suka yi tsaye a bakin sabara, ba mayafi, ƙafa ba takalmi. Ta ɗauko ƙwaryar nan babba mai zane a baki, da gumba a ciki, tun da ƙoƙon da take kawowa a ciki an take shi. Ta wuce gawarwakin yanyawa ba ta dube su ba. Ta wuce ɗanta ba ta dube shi ba. Ta sauka cikin ramin da suka haƙa, a hankali, tana dafa gefe, ta durƙusa.

Ta zare dagin ta ajiye a gefe. Ta tsince gutsattsarin da suka zube, ɗaya ɗaya, ta gwada mayar da su, suka ƙi zama. Sai ta juye gumbar a gindin aduwa, ta goge cikin ƙwaryar da gefen zaninta, ta kife ta a kan kafar. Ta zauna daram kamar don wurin aka yi ta. Ta danna gefenta da tafin hannu, ta shafa, irin shafar da ake yi wa bayan yaro in ana so ya yi barci.

Haladu na tsaye a bakin ramin. Fushin bai tafi ba, ya dai rasa inda zai sauka ne.

"Inna," in ji shi. "Me ya hana ki faɗa? Kalma ɗaya! Na tambaye ki, na sake tambayar ki. Kika bar ni na zo da karnuka. Kika bar ni na ɗaga ƙarfe a kan... Inna, me ya hana ki faɗa min?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haladu, turo ƙasa."

Sunansa ne ya ji, kamar yau ya fara jin sa a bakinta. Haladu, ba nauyi, ba kau da kai, yadda take kiran sa tun yana rarrafe. Ashe ba rashin damuwa da al'ada ba ne. Shi ba ɗan fari ba ne, bai taɓa zama ba. Ɗan farin yana nan kwance tun zamanin da shanu ke kwana a wurin, ita kuwa ta riƙe alkunyarsa yadda aka koya mata, ba ta ambace shi yana raye ba, ba ta ambace shi yana ƙasa ba. Abin da ta iya kawai shi ne ta ce a bar tudun, ta kuma kawo gumba da dare lokacin da babu mai ganin fuskarta.

Ya durƙusa ya fara turo ƙasa da hannu. Dabo ya kama masa, Bashari ma ya ajiye bindiga ya zo. Ƙasar ta hau gefen ƙwaryar, ta rufe zanen bakinta, ta hau bayanta. Haladu yana kallo har farin ƙarshe ya ɓace. A bayansa gona ta yi tsit, tsibin gyaɗa na zaune lafiya a farin wata, babu mai taɓa su kuma. Abin da ya rage zai kai sikeli, zai kuma isa karsana. Ya tuna safiyar da ya daɗe yana shiryawa, shi da igiya a hannu a ƙofar ɗakin Inna yana cewa ta fito da ƙwaryarta. Ya dunƙule ƙasa ya matse har ta fito ta tsakanin yatsunsa.

Da suka daidaita wurin, Bashari ya jawo ƙayar da suka toshe ramuka da ita ya rufa a kai saboda karnuka. Inna ta miƙe da kyar. Haladu ya kai hannu zai tallafe ta, ta dafa aduwar maimakon hannunsa. Fuskarta a bushe take, ko ɗigon hawaye babu.

Dabo ya karkaɗe gwiwoyinsa. Duk wasan ya fita daga muryarsa. Ya ɗaga tafukansa sama zai yi addu'a, sai ya tsaya, ya dubi Haladu, ya dubi tsohuwar.

"Inna, a yi masa addu'a kafin mu tafi," in ji shi a hankali. "Yaya sunansa?"

Bashari ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar karnuka. Haladu kuwa bai taɓa jin sunan ba. Inna ta juya fuskarta wajen gonar Dabo, kamar ɗan wani ake nufi. Hannuwan Dabo na nan a sama, yana jira.